Yadda Aka Naɗa Sarkin Haƙora

Wa ya aike ki, Rahmatu? Duk tambayoyin duniya ba ki ga wadda za ki yi ba sai wannan? Wai da gaske ne Kaka Maiwada ya taɓa yin likitan haƙori. Uwarki ce ta faɗa miki, na sani, bakinta rariya ne. A zamaninmu in yarinya ta tambayi abin kunyar manya, muciya ce ke ba ta amsa. To tunda kun tono, ku matso ku ji, amma sau ɗaya zan faɗa. Kai Sani, janye ƙafarka daga kan tabarmata. Kuma kada wanda ya ce min "ta zo mu ji ta", wannan ba labarin Gizo ba ne. Wanda ya yi abin ciki ɗaya muka fito da shi, yayana ne, shi nake bi.

Kun dai san ƙasarmu, tsakanin Makarfi da Kudan, ƙasar rake ce. Yaro kafin ya iya tafiya ya iya tsotson rake, kafin ya iya sallama ya iya satar mazarƙwaila. Shi ya sa haƙoran garinmu duk ramuka ne kamar gidan gara. In ciwo ya taso a tura kanumfari, in ya ƙi a tura garin taba, in ya ƙi wanzami ya zo da awartaki ya danne ka da gwiwa ya fizge. Shi ke nan, ba wanda ya mutu.

Yaya Maiwada kuwa mutum ne dogo, mai murya kamar ta mai shela. In ya ga ana abu sau ɗaya, ya iya. In ya gani sau biyu, to shi ya koya wa mai yin. Abu ɗaya ne ke cin ransa a duniya: rawani. Sa'o'insa duk an naɗa su, wannan Sarkin Noma, wancan Sarkin Fawa, har Sama'ila da ba ya iya tsallake kwata an taɓa ba shi Sarkin Samari. Shi kuwa ko Sarkin Tsintsiya ba a taɓa ce masa ba.

Ana nan, bayan an sami mulkin kai da kaɗan, ya bi motar mazarƙwaila zuwa Zariya. A can haƙorin turmi ya tasar masa, har ya kwanta yana birgima a tasha, aka kwashe shi sai asibiti. Da ya dawo, garin nan ba wanda ya sake hutawa.

"Ku ba ku san komai ba," in ji shi a gindin tsamiyar kasuwa. "Cire haƙori aikin jahilai ne. Haƙori rijiya ce, a can ƙasanta akwai jijiya, ita ce mai ciwon. Likita sai ya huda, ya zura 'yar allura siririya ya kashe jijiyar, sannan ya cike ramin ya toshe. Ga nawa nan, ku leƙa."

Duk wanda ya gamu da shi sai ya leƙa bakin nan, yana so ko ba ya so.

Wanzami ya ce, "Ba a yi maka wata allura kafin a fara ba? Na ji an ce suna da wadda ke kashe baki."

"An soka min wata a dasashi. Amma wannan ta gwamnati ce, irin ta rigakafi, kowa ya shiga asibiti sai an yi masa. Ba ta cikin aikin."

Kun ji fa. Ba ta cikin aikin.

Abin da bai faɗa wa gari ba, daga ni sai matarsa Azumi muka sani: tun da likita ya ɗauko ƙarfe ya runtse ido, bai buɗe ba sai da aka ce ya tashi. Bai ga abin da aka cusa masa ba. Ya dai ji warin roba, ya ji wani abu mai ɗumi, daga baya ya taɓa da harshe ya ji tauri kamar dutse. Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya ce ai ciko iri uku ne: cikon sanyi da roba, cikon zafi da kaki, da cikon Ingila, wanda ake yi da siminti.

Dagacinmu na lokacin tsoho ne mai wayo, kuma a daidai wannan lokaci haƙori ya hana shi cin goro. An ce ya je Zariya, shi kuwa bai yarda da mota ba, ya ce abin da ke gudu ba shi da numfashi ba abin hawa ba ne. Yaya Maiwada ya saka babbar rigarsa ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, me zai kai ka Zariya? Bature ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Mulkin kai aka ba mu, baki kuwa a jikin kai yake."

Dagaci ya dube shi ya ce, "Maiwada, bakina ba gonar gwaji ba ce."

"Allah ya ja zamaninka, ciko uku na iya, sai wanda ka zaɓa."

"To nemo mutum uku, kowa ka yi masa iri ɗaya. Wanda ya fi samun sauƙi, nasa za ka yi min. Ranar da na tauna goro da haƙorin nan, na naɗa ka Sarkin Haƙora."

Ai ko takalmansa bai tsaya sakawa ba, a hannu ya riƙo su. Ya aro basilla wajen baduku, ya zare wayar ƙafar keke ya wasa ta a dutse, ya yanko tsohon tiyub, ya sayo kakin zuma. Siminti kuwa, wajen da 'yan En'e masu aikin hukuma ke gina kwalbati ya je ya ɗebo a hularsa.

Na farko da ya faɗa hannunsa Jumare ne, wani Bafulatani da ke da ruga a bayan fadamarmu. Ya zo kasuwa riƙe da kunci, yana neman wanzami. Yaya Maiwada ya tare shi.

"Ina da aikin da ya fi na wanzami, Jumare. Sai dai ba na yi maka tayi, don ba na rago ba ne. Sai mai jimiri."

Jumare ya tsaya cak. Mutumin da ya sha bulalar sharo yana kallon madubi yana gyaran kitso, a ce masa rago? Ya biyo shi har ƙofar gidanmu, ya zauna a kan turmi ya ce, "Kaɗo, yi abinka."

Aka kunna aci-bal-bal, aka gasa basilla sai da ta yi ja. Yaya Maiwada ya ce bismillahi ya zura. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji ƙauri kamar ana babbakar kan akuya. Ya narka kaki a cokali, yana tafasa ya tsiyaya a ramin. Sandan da ke hannun Jumare, wanda yake korar bijimai da shi, sai ji muka yi ƙas, ya karye biyu. Amma fuskarsa murmushi take.

"Ka ji zafi, Jumare?"

"Zafin me? An fara ne?"

Yaya Maiwada ya juyo ga 'yan kallo ya ce, "Kun ji da kunnenku. Ni da aka yi min a Zariya ma sai da na ɗan motsa."

Na biyu Malam Inuwa ne, baban Azumi, surukinsa ke nan. Dattijo mai kunya, ko tari ba ya yi da ƙarfi. Yaya Maiwada ya aika masa cewa ya ji yana fama da haƙori, zai zo ya yi masa aiki kyauta. To ina suruki zai ce a'a? Ya ƙi, a ce ya raina mijin 'yarsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun da aka ɗaura auren Azumi, Yaya Maiwada bai taɓa kallon tsabar idon Malam Inuwa ba, shi ma haka. Ku yaran yanzu da kuke cin tuwo kwano ɗaya da surukanku ba za ku gane ba. Ya shiga zaure ya durƙusa, ya gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da damina. Malam Inuwa ya buɗe baki ya ɗaga kai yana kallon azara. Yaya Maiwada ya miƙa hannu ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ba mai kallon baki a cikinsu. Haƙorin da ke ciwo yana hagu, shi kuwa ya lalubo dama ya kama haƙa.

"Baba, nan ne?"

Malam Inuwa ya ce, "Uhm."

Me kuke so ya ce? Ya gyara wa suruki aiki? Yaya Maiwada ya ji ba rami, ya ce a ransa lallai na dattawa a ɓoye yake, ya yi ta sukar dasashi da wayar keke har ya buɗe wuri tsakanin lafiyayyun haƙora biyu, ya cusa robar tiyub ya danna da babban yatsa. Hawaye na bin gemun tsoho, yana cewa, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Na uku Gambo ne, ɗan kawunmu, taubashinmu ke nan. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da zagi ba, kuma ba mai fushi, haka al'ada ta ce. Shi ramin haƙorinsa ma kyankyaso zai iya kwana a ciki da iyalinsa. Ciwo ya hana shi sakat, ya zo da ƙafarsa.

"Kai bawana, an ce ka zama likita. Jiya kake korar doki a wajen matsar rake, yau kai ne Bature?"

"Zauna, matsiyaci. Kai cikon Ingila zan yi maka, don ka san ubangidanka ya waye."

Ya kwaɓa siminti a murfin kwano, har da 'yar yashi, don haka ya ga magina suna yi. Basilla na shiga Gambo ya kurma ihun da ya tashi kajin unguwa.

"Wayyo Allah! Za ka kashe ni, ɗan banza! Jama'a ku cece ni, da gaske nake!"

Maƙwabta suka cika ƙofar gida suna ta dariya, har da masu riƙe ciki.

"Kai, Gambo da iya shege!"

"Taubasai ke nan, ba sa girma."

"Wallahi ba wasa nake ba! Wuta ce a bakina!"

Sai dariya ta ƙaru. Yaya Maiwada ya shafe simintin da bayan cokali ya yi sumul, ya ce kada ya sha ruwa sai gini ya kama.

To, wai a asibiti an ce masa ya dawo bayan 'yan kwanaki a ji yadda ya kwana da ciwon. Saboda haka shi ma ya ce dole likita ya bi sawun aikinsa. Ya hau keke ya fara da ruga. Ya tarar da Jumare zaune a inuwa, kuncinsa ɗaya ya yi ƙwarya guda, ido ya shige ciki.

"Sannu Jumare. Yaya jiki?"

"Jam. Da sauƙi."

"Wannan kumburin fa?"

"Ƙiba ce. Bana shanu sun yi nono."

"A gefe ɗaya?"

"Ta nan nake sha."

Ya wuce gidan surukinsa. Malam Inuwa yana kwance a ɗaki, aka yi magana ta bayan asabari.

"Baba, yaya ƙarfin jiki?"

Wata 'yar murya ta fito kamar daga rijiya: "Alhamdulillahi. Da sauƙi."

A cikin gida kuwa surukarsa tana ta buga tukwane da ƙarfi, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ya ce wai murna ce ta hana ta magana.

Ku tsaya in tambaye ku, ku da kuke zuwa makaranta. Kun taɓa jin an ce wa mutum yaya jiki, ya ce babu sauƙi? Mutum yana gargara, ana ɗiga masa ruwa da cokali, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, kafin mai gaisuwa ya kai ƙofa an fara salati. Gaisuwa ce, ba tambaya ba ce. Jaririn goye ya san wannan. Yayana kaɗai ne a ƙasar Zazzau ya ɗauke ta shaida.

Da ya isa wajen Gambo, tun daga nesa aka jefo shi da takalmi.

"Yaya jiki, ubangijin ƙarya?"

"Babu sauƙi! Babu! Dasashina ya saluɓe, kaina kamar ana daka a ciki, ko kunu ba ya wucewa! Allah ya isa tsakanina da kai, jikan masu tallan tsumma!"

Yaya Maiwada ya dawo gida yana washe baki. Ya ce da mu, "An gama. Biyu sun ce da sauƙi, amma muryarsu ƙasa-ƙasa. Gambo kuwa, mutumin da ke da ƙarfin zagi irin wannan ai ya warke sarai. Da ya yabe ni ne da na damu. Cikon Ingila za a yi wa Dagaci."

Azumi ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Na je gida, Baba ko tuwo ba ya iya ci, ta gefen baki ake ba shi koko."

"Shi ya ce miki yana jin ciwo?"

"Ai ba sai ya faɗa ba."

"Ni da bakinsa ya ce min da sauƙi. Ubanki za ki ƙaryata?"

Na ce, "Yaya, siminti fa na kwalbati ne."

Ya ce, "Kulu, kwalbati mota ke bi ta kansa bai fashe ba, balle goro. Ku mata ku tsaya a madafa."

Muka tsaya. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ranar Juma'a bayan an sauko, gari ya taru a ƙofar fada. Mu mata muna cikin gidan Dagaci muna leƙe ta kan katanga, ni a kan turmi na tsaya, ba abin da ya wuce ni. Sai ga Yaya Maiwada tafe da maroƙi da mai kalangu, tun da safe ya sallame su don kada su yi sanyi.

"Maiwada na Azumi, maganin jijiya! Toshe rami, kunyata wanzami! Zariya ta gani ta sunkuya!"

Aka zaunar da mutum ukun nan a gaban Dagaci. Jumare da kuncinsa, Malam Inuwa an riƙo shi ta kafaɗa, Gambo kuwa bakinsa ya kumbura har ya rufe, magana ta ƙare masa.

Dagaci ya ce, "Jumare, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Malam Inuwa?"

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

"Gambo?"

Gambo ya zaro ido ya yi ta kaɗa hannu. "Mmm! Mmmm!"

Yaya Maiwada ya ce, "Ya ce nasa ya fi na kowa sauƙi, ranka ya daɗe. Daɗi ne ya ɗaure masa baki." Ya durƙusa ya fara kwaɓa siminti. "Sai a buɗe bakin mai girma."

Dagaci ya dubi simintin, ya dubi fuskokin nan uku. Can ya ce, "Ikon Allah. Ni ma tun da ciwon nan ya kama ni, duk wanda ya gaishe ni da sauƙi nake ce masa, alhali kaina nake bugawa a bango. A kawo rake."

Aka kawo rake mai kauri, irin mai taurin ɓawo, aka sara gaɓa-gaɓa, aka ba kowannensu.

"Ku ɓare da haƙorin da aka gyara."

Yaya Maiwada ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba ba zai ci abu a gabana ba. Akwai kunya."

"Gaskiyarka. Juya ka fuskanci bango."

Ya juya, hancinsa kusa da katanga, hannuwa a baya kamar mai jiran a ɗaura masa ɗamara.

Jumare ya fara. Ya kafa haƙori ya ja, ɓaras. Hawaye suka zubo masa shar, murmushi bai bar fuskarsa ba.

Daga bango Yaya Maiwada ya ce, "Kun ji ƙarar aiki? Cikon zafi ke nan!"

Dagaci ya ce, "Jumare, kuka kake?"

"Hayaƙi ne, ranka ya daɗe."

Ko wutar taba babu a wajen. Ya miƙe a hankali ya ce zai kama ruwa, ya zaga bayan masallaci. Sai muka ji wata irin kururuwa, doguwa, har karnukan Maguzawa na can tsallaken rafi suka amsa. Ya dawo ya zauna ya gyara hularsa.

"Mene ne wancan, Jumare?"

"Wata saniya ce. Ba tawa ba ce."

Mutane suka fara faɗuwa a kan juna. Yaya Maiwada ya ce, "Ku yi dariya, ranar farin ciki ce!"

Malam Inuwa ya ɗauki tasa gaɓar, ya ciza. Robar nan ta yi tsalle ta fito, fit, ta sami maroƙi a goshi. Tsoho ya ce innalillahi, ya dafe kunci. Sannan ya dubi bayan surukinsa, ya ga dai ba a kallonsa, ya matsa kusa da Dagaci.

"Ranka ya daɗe, tunda yaron ya ba da baya, zan iya magana. Yaron kirki ne, yana riƙe min 'ya da mutunci. Sai dai ba wannan haƙorin ba ne ma. Da ɗaya ke ciwo, yanzu uku ne."

"Me ya hana ka faɗa masa?"

"Haba, ranka ya daɗe. Suruki ne fa."

Gambo bai jira an ce masa ba. Ya tura raken ta gefen baki ya danna da ƙarfin zuciya. Muka ji ƙaras kamar an taka kasko. Ya tofar da dunƙulen siminti da rabin haƙori manne a jiki, sai bakinsa ya buɗe kamar an fasa madatsar ruwa. Zagin da ya yi ba zan maimaita muku ba, ku yara ne. Ya fara daga Maiwada, ya bi ta kan kekensa, ya gangara har jakin kakanmu, wanda shi ma kakansa ne.

Yaya Maiwada ya ce da bango, "Ranka ya daɗe, ka ji lafiya ko? Mutumin da ɗazu ba ya magana!"

Dagaci ya ce, "Juyo, Maiwada."

Ya juyo yana murmushi. Ya ga simintinsa a ƙasa, ya ga maroƙi yana murza goshi, ya ga surukinsa ya rufe fuska da hannun riga. Murmushin ya tsaya a inda yake, ya rasa hanyar komawa.

Dagaci ya ce da bafadensa, "Gobe a tsayar min da motar Zariya. Gara abin da ba shi da numfashi." Sannan ya ce, "Maiwada, buɗe bakinka." Ya leƙa. "To, ga ramuka nan har sun yi unguwa. Ban janye maganata ba. Mai magani shi ke fara lasa. Kowannensu zai yi maka irin wanda ka yi masa, bayan kowanne zan gaishe ka. In ka amsa min da sauƙi har sau uku, yau za ka kwana da rawani."

Mai hankali a nan zai faɗi ya ce tuba nake. Azumi tana gefena tana cewa, "Allah ka sa ya gudu." Amma an ambaci rawani. Ya gyara riga ya zauna a kan turmi ya ce, "Abu mai sauƙi."

Aka hura wuta, Jumare ya gasa basilla, bai yi gaggawa ba, yana juya ta a wuta kamar mai gasa masara. Ya ce, "Kaɗo, aikin ba na rago ba ne fa." Ya zura, ya tsiyaya kaki. Ƙafafun Yaya Maiwada suka yi ta harbin iska, yatsunsa suka haƙa rami a ƙasa.

Dagaci ya ce, "Sannu Maiwada. Yaya jiki?"

Gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Da... da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Malam Inuwa, bismillah."

Tsoho ya ce a yafe masa, Dagaci ya ce umarni ne. Ya karɓi wayar keke, ya kau da kai yana kallon gabas saboda kunya, ya miƙa hannu. Ya soki leɓe, ya ce astagfirullah. Ya soki harshe, ya ce afuwa. Daga ƙarshe ya tura robar wani wuri da shi kansa bai sani ba, ya koma ya zauna.

"Yaya jiki, Maiwada?"

"Da tauƙi," in ji shi, don harshen ya riga ya kumbura.

Jama'a suka ɗauki sowa. Saura ɗaya. Har na fara cewa a raina ko dai ɗan banzan nan zai ci rawanin ne.

Sai ga Gambo. Ashe tun ɗazu ya aika wajen kwalbati. Ya fito da kasko cike da kwaɓaɓɓen siminti, ya zuba tsakuwa a ciki, ga cokalin magina a hannunsa yana juyawa, jini na bin gefen bakinsa yana dariya.

"Buɗe, bawana. Ni ba rami ɗaya zan cike ba, daɓe zan yi maka daga wannan kunne zuwa wancan. In ya bushe a shanya barkono a kai."

Yaya Maiwada ya dubi kasko. Ya dubi Dagaci. Ya sake duban kasko.

Dagaci ya ce, "Ko in gaishe ka tun yanzu? Yaya jiki?"

"Babu tauƙi!" Ya zabura ya yi fatali da turmi. "Wallahi babu! Tun na farko babu! A kai ni Zariya!"

Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa jin an amsa gaisuwa haka ba. Liman da kansa sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Yaya Maiwada ya yunƙura zai gudu, babbar riga ta harɗe shi, ya faɗa da gwiwa cikin kaskon siminti.

Kafin a ɗago shi fuska ta fara hawa, kunci biyu kamar an hura salka, muƙamuƙi ya saki. Dagaci dai ba mugu ba ne, ya ce a ɗaure masa haɓa kada iska ta shiga. Bafade ya shiga gida ya rarumo wani tsohon zanen shimfiɗar jaki, ya zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa, ya naɗa a ka, ya sake naɗawa, ya rufe baki da saura kamar amawali. Da ya zo ƙullewa a tsakar ka sai bakin zanen biyu suka miƙe tsaye, kunne biyu sak irin na 'ya'yan sarauta.

Gambo ne ya fara faɗuwa ƙasa ya dunƙule hannu. "Ranka ya daɗe, Sarkin Haƙora!"

Maroƙi kuwa an riga an sallame shi, ya ga bai kamata aiki ya tafi a banza ba. Mai kalangu ya saka kiɗa, aka ɗora Yaya Maiwada a kan kekensa ana turawa, gari duka a bayansa, kowa na jinjina, har ƙofar gida.

Na shiga na same shi zaune a bakin gado, Azumi na dafa masa ruwan kanumfari tana kuka tana dariya. Ido kawai ake gani a cikin tsumman nan. Ya yafito ni da hannu, na sunkuya, na zaci zai ce in kira wanzami. Sai na ji daga cikin zanen jaki ana cewa:

"Kulu, miƙo min madubi. Ya zauna daidai?"

Ƙarshensa ke nan, ba kan ɓera ba kan kusu. Ke Huseina, rufe bakinki kada ƙuda ya shiga. Dariyar ta isa haka, mutumin kakanku ne, gobe in na ji wani ya tsokane shi sai na karya masa ƙafa. Sani, kore kajin nan ka rufe akurki. Ku kakkaɓe min tabarma, kowa ya yi addu'a ya wuce ya kwanta, kada in sake jin ko tari.